Tsakanin Mai da Marar

Alhamis ce, makon ƙarshe na watan Rajab, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma. Mu uku ne a ɗakin fassara na gidan rediyon da na yi wa aiki a nan Bauchi: ni, da Alhaji Garba editan labarai, da Rifkatu mai buga mana tafireta. Na faɗi lokacin daidai ne saboda ƙarfe biyar ake karanta labaran Hausa, wato saura minti arba'in ke nan, kuma na yi shekaru ina gaya wa kaina cewa ƙurewar lokaci ce ta jawo abin da ya faru. Ba ita ba ce. Minti arba'in ya ishi mutum ya buɗe ƙamus sau goma, ƙamus ɗin kuwa yana kan kanta a bayana, in na miƙa hannu zan taɓo shi.

Ku 'ya'yana kun san wannan labari, amma a juye kuka san shi. A gidanmu na Ƙofar Wambai in wani ya yi kwaɓa, ya zuba gishiri a shayi ko ya sa riga a baibai, sai ku ce masa Madam Marar, ku yi dariya. Kwanan baya na ji jikokina suna faɗa wa junansu, ba su ma san mutum ce ba. Daga labarin da na bayar wannan suna ya samo asali. Ina so ku san matar da aka liƙa wa shi, ku kuma san wanda ya kamata a liƙa wa.

Sai na fara gaya muku abin da nake taƙama da shi a lokacin. Kakanku, Allah ya jiƙansa, malamin sarfu ne, wato ilimin yadda kalmomin Larabci ke tsirowa daga haruffa uku. A zaurensa na fara jin cewa kalmar littafi da ta marubuci da ta wurin rubutu duk 'yan ɗaki ɗaya ne a Larabci, in ka san uwarsu za ka gane su ko ba a gabatar maka da su ba. Ban yi nisa a wannan karatu ba, boko ya ɗauke ni, amma abin ya zauna mini a kai. Da na shiga aikin rediyo Turancina na kwalejin horon malamai ne, ba shi da ƙarfi, kullum kuma takardu na zuwa da kalmomin da ban taɓa gani ba. Wata rana ina fassara labarin kayan da ake shigowa da su ƙasa da waɗanda ake fitarwa, na ga import da export a layi ɗaya, sai na lura gindinsu ɗaya ne. Na tuna transport, na tuna porter, ɗan dako. Duk ɗauka ce: ɗauko ciki, ɗauka waje, ɗauka daga nan zuwa can, mai ɗauka. Na ajiye biro. Ashe Turanci ma yana da sarfu, ba wanda ya taɓa gaya mini.

A ranar na sayi littafin rubutu mai kauri. Kowane shafi na ba shi saiwa ɗaya, na rubuta ta a tsakiya. A hagu nakan jera abin da ake liƙawa a gaban kalma, wanda masana Hausa ke kira ɗafa-goshi, a dama kuma abin da ake liƙawa a bayanta, ɗafa-ƙeya. In baƙuwar kalma ta zo, sai in yanka ta uku kamar rake, in duba kowace gaɓa, in haɗa ma'anar. Sau da yawa yana fita daidai, har ya zama ina fassara takardar da wasu za su yi awa a kanta cikin minti goma sha biyar. Shafin da na fi so shi ne na ɗafa-goshin nan in. Na san akwai wani in mai nufin shiga ciki, amma na tabbatar wa kaina cewa a gaban kalmar da ke siffanta abu korewa kawai yake yi: visible abin da ake gani, invisible wanda ba a gani, correct daidai, incorrect ba daidai ba, complete cikakke, incomplete wanda bai cika ba. Na cika shafi biyu da irinsu ban ga wanda ya saɓa ba. Abokan aiki suka sa mini suna Malam Saiwa. Da farko tsokana ce, daga baya ta zama girmamawa, har daga sashen Turanci ake leƙowa a tambaye ni. Cikin shekara biyu na daina buɗe ƙamus a gaban mutane, daga nan na daina buɗe shi gaba ɗaya.

Rifkatu matar soja ce, a barikin Shadawanka suke zaune, mutuniyar kudancin jihar nan. Hausa ba harshen gidansu ba ce, a kasuwa da bariki ta koye ta, don haka ba ta raba mace da namiji a magana: mota ya zo, yarinya ya tafi. Muna yi mata dariya, ita ma takan taya mu. Amma a aiki ban taɓa kama ta da kuskure ba, kuma ni mai neman kuskure ne. Tafiretarmu ba ta da haruffa masu lanƙwasa, to in ta gama buga takarda sai ta ɗauki biro ta bi layi-layi tana sa wa kowace ƙa da ɗa da ɓa ƙugiyarta, yadda mai karanta labarai ba zai ce kafa a wurin ƙafa ba. Ba wanda ya sa ta. Turancinta kuwa na makarantar mishan ne, da kunne ta san shi, ba da ƙa'ida ba.

To a wannan Alhamis masinja ya kawo sanarwa daga ma'aikatar ilimi. Ku sani a watannin nan kusan kowane mako muna karanta sunayen ma'aikatan da aka sallama ko aka rage wa muƙami, kunnen kowa ya saba da jin haka, nawa ma. Alhaji Garba ya miƙo mini takardar, sai aka ce manaja na kiransa, ya fita. Sanarwar gajeriya ce. Ta ce an ɗauke Malam Sa'idu, hedimastan wata firamare a Miri, daga makarantarsa an mai da shi hedikwata, sai dalili ya biyo: in view of his invaluable service. Ban taɓa ganin kalmar ba. Na yanka ta uku yadda na saba. Value, daraja ko amfani. Valuable, mai amfani. Invaluable, ai ba sai an faɗa ba. Na rubuta da hannuna: An ɗauke Malam Sa'idu daga shugabancin makarantar, an mai da shi hedikwata, saboda aikinsa marar amfani. Na maƙala rubutuna da ta Turancin da fil, na ajiye a gaban Rifkatu. Ta fara bugawa, sai na ji tafireta ta tsaya.

"Malam Iro, wannan kalma fa, shi yabo ne."

"Wace kalma?"

"Invaluable. Ana faɗa wa mutum wanda ya yi aiki sosai. Lokacin da fastonmu zai tafi, haka aka rubuta masa a takarda."

Na juyo da kujerata. Ina iya tuna cewa daɗi na ji, irin daɗin da malami ke ji in ɗalibi ya kawo kansa.

"Madam, mene ne visible?"

"Abin da ana gani."

"Invisible fa?"

"Wanda ba a gani."

"Correct da incorrect?"

"Na sani, Malam."

"To valuable da invaluable su kaɗai ne za su fita daga dangi don fastonku?"

"Ni ban san saiwa ba," in ji ta. "Na san yadda ana faɗa. Ga ƙamus a bayanka, ka duba mana, minti ɗaya ne."

"Ki fara raba mace da namiji a Hausa tukuna, sannan ki zo ki koya mini Turanci. Buga."

Ta dube ni kaɗan, ta juya ta buga. Ta bi takardar da biro ta sa ƙugiyoyi. Alhaji Garba ya dawo biyar saura minti goma, ya sa hannu bai karanta ba, don ya daɗe da daina karanta abin da na fassara. Ƙarfe biyar aka karanta labarin, aka maimaita shi ƙarfe bakwai.

Washegari Jumma'a na isa ofis ƙarfe takwas, na tarar da samari biyu da babur a bakin ƙofa suna musu da mai gadi. 'Ya'yan Malam Sa'idu ne. Ma'aikatar ilimi kuma ta riga ta bugo waya. Ashe ƙarin girma aka yi wa mutumin, an ɗauko shi ne ya zama mai duba makarantu bayan ya daɗe yana koyarwa, mu kuma muka sanar wa jiha gaba ɗaya cewa an cire shi don ba shi da amfani. Tun daren jiya mutane ke zuwa gidansa jaje. Na shiga ɗakin fassara, ba kowa. Na sauko da ƙamus, na hure ƙurar da ke kansa, na buɗe. Layi ɗaya ne: abin da darajarsa ta wuce a auna ta. Na rufe, na mai da shi inda yake. Sannan na buɗe fayil ɗin labaran jiya, na zare fil, na cire takardar da na rubuta da hannuna, na bar ta Turancin da wadda Rifkatu ta buga, na mai da fil a ramin da ya fito. Na ninke tawa huɗu na sa a aljihun farin kaftanina. Hannuna bai yi rawa ba. Na rubuta wannan ne don kada wani cikinku, saboda ƙauna, ya ce ruɗewa ce.

Ƙarfe goma sha ɗaya manaja ya tara mu a ofishinsa, ni da Alhaji Garba da Rifkatu. Ya karanta jimlar da ƙarfi, ya ajiye takardar, ya tambayi wanda ya fassara.

"Ni ne, ranka ya daɗe," na ce. "Amma mai amfani na rubuta. Mai da marar, in rubutun hannu ne kuma ana sauri, wanda Hausa ba ta zauna masa sosai ba yana iya..."

Ban ƙarasa ba. Na san ba sai na ƙarasa ba.

Rifkatu ta miƙe tsaye. "Oga, ba gaskiya ba ne. Abin da na gani shi na buga. Har na gaya masa kalman yabo ne, na ce ya duba ƙamus, sai ta ce mini in yi shiru, ta ce..."

Ni take nufi. Ranta ya ɓaci, tana kuma ƙoƙarin gyara Hausarta a gaban manya saboda abin da na faɗa mata jiya, sai ta mai da ni mace. Dariya ta kuɓuce wa Alhaji Garba ta hanci, ya rufe baki da hannu. Manaja bai yi dariya ba, amma na ga fuskarsa ta saki, na kuma san shari'ar ta ƙare a nan. Ya ce a kawo rubutun hannun. Rifkatu ta fita da sauri, ta dawo da fayil, ta buɗe, ta juya takardu gaba da baya. Babu.

"Wa ke ajiye fayil ɗin nan?" in ji manaja.

"Ni ne, Oga."

"To."

Ta rufe fayil ɗin a hankali. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Malam Iro, kai mai salla ne. Yau Jumma'a."

Aka ba ta takardar gargaɗi mai laifi biyu, ganganci da ɓatar da takardar aiki, aka kuma ɗauke ta daga ɗakin labarai aka mai da ita ɗakin ajiye tsofaffin kaset, can bayan gini inda ba taga. Sanarwar ba da haƙuri da aka karanta da yamma ni na rubuta ta, na ce kuskuren buga rubutu ne. Hausar sanarwar ta yi kyau, manaja ya yaba. Na tafi masallacin Jumma'a da takardar a aljihuna, ina jin gefenta a ƙirjina duk lokacin da na yi sujada.

Da yamma a tsakar gida na ba da labarin yadda na ba da shi a ofis, har na kwaikwayi muryarta. Goggonku Ladi, ƙanwata, tana gidan a lokacin, kun san bakinta. Ta riƙe ciki tana cewa, "Yaya, wallahi Madam Marar ta gama da ku! A ce miya marar daɗi, a ce amarya marar kyau, duk yabo ne a barikin soja!" Kowa ya yi dariya, har Ummanku. Sunan ya zauna daga ranar.

Asabar da hantsi ina zaune a ɗaki Ummanku ta shigo. Ranar wanki ce, hannunta da danshi, amma takardar da ta riƙe da yatsu biyu a bushe take. Ta ajiye ta a kan tabarma a gabana, a buɗe.

"Malam, na tsinci wannan a aljihun farin kaftani. Ban jiƙa ta ba."

"Takardar ofis ce."

"Na gani. Hannunka ne ko?"

Ta san hannuna fiye da kowa, da shi na riƙa rubuta mata wasiƙa kafin aure.

"Ni dai karatuna bai kai naka ba," ta ce, "amma ra biyu na gani a nan. Mai ba ta da ra."

"Hadiza, ba ki san yadda aikin nan yake ba. In aka ce ni ne, sunana ya mutu. Ita kuwa ba korar ta aka yi ba, ɗaki kawai aka canja mata."

"Tana da 'ya'ya?"

"Ban sani ba."

"Jiya na yi mata dariya," in ji ta. "Ka sa na yi mata dariya." Ta goge hannunta a zane. "Ba zan ƙona maka ita ba, ba kuma zan kai ta ko'ina ba. Aikinka ne. Akwai wani abu a sauran aljihunan, ko in jiƙa?"

Daga ranar har ta bar duniya ban ƙara jin ta ambaci sunan nan ba. In kuna faɗar sunan takan tashi ta shiga madafa. Wasunku sun ɗauka rashin son wasa ne. Takardar kuwa na sa ta cikin littafin saiwata, a shafin value, tana nan cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadona, wanda ke son gani ya duba.

Ranar Talata manaja ya aike mu Miri, ni da Alhaji Garba, mu ba Malam Sa'idu haƙuri baki da baki. Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai, hanya duk laka. Muka same shi a gindin mangwaro a ƙofar gidansa, dattijo siriri mai farin gemu, yana gyara ƙotar fartanya. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa. Alhaji Garba ya yi jawabin da muka shirya, ya ɗora laifin inda aka riga aka ɗora shi. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Ba komai," ya ce. "Gyaran ya zo. Sai dai mutane na farko suke ji, ba sa jin gyara. Tsohuwata tana ciki, ta haura tamanin, da kunnenta ta ji. Har yau in na ce mata girma aka ƙara mini sai ta ce in daina ɓoye mata, ita ta haife ni."

Da aka kira la'asar Alhaji Garba ya zaga yin alwala. Muka rage mu biyu. Malam Sa'idu ya ajiye fartanyar.

"Kai ne mai fassarar?"

"Ni ne, Malam."

"An ce kana son saiwar kalmomi. Ni ma haka. Bari in tambaye ka. A Hausa muna da kima. Daga kima sai me?"

"Kimanta."

"Daga kimanta?"

"Kimantawa. Kimantuwa."

"Madalla. To in na ce alherin da ka yi mini ba ya kimantuwa, na ce ba shi da kima ke nan?"

"A'a. Ya wuce a kimanta shi."

"To ka ga kalmarka." Ya ɗauki tsinke ya rubuta ta a ƙasa, ya yanka ta uku, daidai inda nake yankawa. "Value ɗin da ke ciki ba suna ba ne, aiki ne, kimantawa. Able, yiwuwa. In ɗin ya yi aikinsa na korewa, bai saɓa ba, amma ba darajar ya kore ba, yiwuwar auna ta ya kore. In Bature na son ya ce marar amfani yana da wata kalmar daga saiwar, valueless. Yanka daidai ne, haɗawa ce ta karkace."

A duk shekarun da na yi da littafina ba wanda ya taɓa yi mini darasi mai kyau kamar wannan, kuma a harshena aka yi shi, da kalmar da nake faɗa kullum. Na ce na gode, na ce zan rubuta. Ya share rubutun da tafin hannu, bai dube ni ba.

"Na daɗe ina gyara takardun yara," ya ce. "Mai kwafa in zai yi kuskure harafi yake tsallakewa, ko ya maimaita layi. Wannan kuskuren kuwa na san shi. Daƙiƙi ba ya yin sa, wanda ke ji da kunne ma ba ya yin sa. Sai yaro mai ƙoƙari, wanda ya san in, ya san value, ya san able."

Na kafa ido a inda ya share rubutun.

"Nawa na yafe tun ranar Jumma'a," ya ce. "Na yarinyar nan kuwa ba nawa ba ne balle in yafe. Ga buta can, lokaci na tafiya."

Ya ja mu salla, na tsaya a bayansa. A hanyar dawowa ina tuƙa Alhaji Garba a babur, na shirya jimlar da zan faɗa masa, gajeriya, kalma biyar: Alhaji, ni na rubuta marar. Na ce in mun wuce gonakin nan zan faɗa. Muka wuce. Na ce in mun hau kwalta. Muna hawa kwalta ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska, ya ce manaja ya ji daɗin yadda na riƙe al'amarin, kuma sunana zai tura a shugabancin sashen fassara in mai riƙe da shi ya yi ritaya.

"Allah ya sa alheri," na ce. Kalma huɗu.

Sau ɗaya na je ɗakin kaset. Bayan kamar mako uku ne, na zaɓi lokacin da mutane suka fita cin abinci. Ɗakin na warin ƙura da tsohuwar roba, ƙwan lantarki ɗaya ne. Na tarar ta jera kaset ɗin da aka yi shekaru ana jibgewa, ta liƙa wa kowanne takarda da sunansa, da ƙugiyoyinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama, ta amsa. Na tambayi gida, ta ce lafiya. Na tambayi yara, ta ce su uku duk lafiya. Ta ba ni lokaci, wannan zan shaida mata, ta tsaya tana jira hannunta a kan tebur. Da ta ga ba abin da ke fitowa sai ta ce:

"Wane kaset kake so, Malam?"

Na ambaci wani shirin manoma. Ta ɗauko, ta rubuta sunana a rajista, na sa hannu na fita da kaset ɗin da ba ni da abin yi da shi.

Na koma buɗe ƙamus. Na buɗe sabon sashe a bayan littafina na kalmomin da yanka ke yaudarar mutum a kansu, irin su priceless, abin da ya wuce a yi masa farashi, da inflammable, abin da ke saurin kama wuta, sashen ya yi ta girma har ya kusa kamo na gaba. Duk sabon ma'aikacin da ya zo hannuna da invaluable nake fara masa, in yi masa darasin kima da kimantuwa kamar ni na gano shi, in ce masa saiwa tana nuna maka dangin kalma ne, ba ta gaya maka halin kowane ɗa. Suna rubutawa. Wasunsu sukan ce sun ji an taɓa yin wata mai tafireta da ta yi ɓarna da kalmar, ni kuma in ce mu ci gaba.

Wata bakwai bayan wannan Alhamis aka yi wa mijin Rifkatu canjin wurin aiki zuwa kudu, ta ajiye aiki ta bi shi. Ba a yi mata taron sallama ba, takardar gargaɗin kuma ba a cire ta daga fayil ɗinta ba. A watan da ta tafi aka ba ni shugabancin sashen fassara, na riƙe shi shekara goma sha ɗaya.

Bayan rasuwar Ummanku na je Shadawanka neman inda take. A kasuwar bakin bariki aka nuna mini wata dattijuwa mai sayar da kayan miya, aka ce ta fi kowa daɗewa a wurin, ba matar sojan da ba ta sani ba. Ta ce Rifkatu suna da yawa, ta san aƙalla shida, in gaya mata sunan mijin. Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya da Rifkatu, ban taɓa tambaya ba.